Ba a cin uwar kuɗi: yaushe yaron da ya bugu a ka zai koma ƙwallo?

 

Yau zancen ƙwallo ne, amma kada Alhaji ya ce ba layinsa ba ne ya wuce. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, gidaje da yawa a zangon Salaga, Yendi da Bawku suna da yaro ko yarinya a makarantar kwana. Wasu sun wuce har kwaleji, irin ta horon malamai ta Gbewaa da ke Pusiga, ko ta Bimbila, ko ta koyon jinya a Kpembe. Duk inda aka tara matasa kuwa akwai ƙwallo: gasar cikin makaranta, gasar makarantu da yara ke kira Inta-ko, ga kuma gala ta lokacin Sallah idan sun dawo gida, wadda akan sa rago ko 'yan kuɗi. Kowane yaro yana ganin kansa Kudus na gobe, ko Fatawu Issahaku da ya tashi nan Tamale kusa da mu. Wannan ba laifi ba ne. Abin da nake so mu duba shi ne ranar da yara biyu suka tashi sama neman ƙwallo kawunansu suka gwaru, ko ɗaya ya faɗo da ƙeya a filin sakora da rani ya mayar kamar siminti. Ranar nan me ya kamata a yi, kuma sai yaushe zai koma wasa?

Kowa ya san yadda muka saba. A fasa masa fiya wata biyu a ka, a yi masa fifita da riga, a ɗaga ƙafafunsa sama, a shafa masa Robb a hanci. Da ya buɗe ido ya miƙe, 'yan kallo su ɗau tafi, koci ya ce, "Za ka iya?" Yaro ya ce, "Zan iya, Sa." To wane ɗan shekara 17 ne zai ce ba zai iya ba, ga abokai, ga 'yan mata suna kallo? Shi ke nan an mai da shi fili. A wurinmu in babu jini babu rauni.

Raunin da muke magana a kai kuwa ba ya fitowa waje. Likitoci suna kiransa konkoshon da Turanci, mu mu ce girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya ko ya juya da ƙarfi farat ɗaya, sai ta yi tangal-tangal a ciki, jijiyoyinta su ja, aikinsu ya rikice. Masu kawo ƙwan zabi daga ƙauyukan Bawku sun san irin wannan: ƙwan da ya sha jijjiga a bayan babur ɓawonsa lafiya lau yake, amma sa wa kaza ta kwanta a kai ka ga nawa za su ƙyanƙyashe. Sa'ar da aka yi ita ce ƙwaƙwalwa tana gyara kanta idan an ba ta lokaci. A kwanakin gyaran nan tana bukatar ƙarfi fiye da kullum, alhali jinin da ke kai mata abinci ya ragu. Shi ya sa bugu na biyu a wannan tsakani ya fi na farko sharri, ko da bai kai shi ƙarfi ba.

Abu biyu nake so iyaye su riƙe. Na farko, ba sai yaro ya suma ba. A cikin mutum goma da ƙwaƙwalwarsu ta girgiza a wasa, wanda ke suma bai fi ɗaya ba. Na biyu, ba sai an bugi kan kai tsaye ba. Bangaza mai ƙarfi a ƙirji ko kafaɗa da ta fizgi wuya ta isa. Alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, haske ko ƙara su dame shi, tafiya kamar mai maye, jinkirin amsa magana, mantuwa, maimaita tambaya ɗaya, kuka ko fushi babu dalili. Wasu suna fitowa nan take, wasu sai da dare ko washegari. Idan yaro ya dawo daga fili yana surutun da ba kan gado, kafin Hajiya ta ce iska ce ta taɓa shi a filin, a fara tambaya ko ya bugu a ka. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Har manyan 'yan wasa abin yana rikita su. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, ɗan Jamus Christoph Kramer ya yi karo da kafaɗar wani ɗan Ajantina, ya tashi ya ci gaba da wasa kusan kwata na awa. A tsakani ya je wurin alkalin wasa yana tambayarsa wai shin wannan ne wasan ƙarshe. Mutum yana gudu, yana buga ƙwallo, duniya tana kallonsa, amma bai san inda yake ba. Don haka miƙewa da gudu ba shaidar lafiya ba ce.

Inda aka fi bin diddigin wannan abu shi ne jami'o'in Amurka. Can ɗalibai suna yin wata ƙwallo tasu da ake runguma a hannu ana gwabza jiki, kowa sanye da hular kwano, kuma duk da hular ƙwaƙwalwa tana girgiza, don hula ƙashi take karewa. Daga 1999 zuwa 2001 masu bincike sun bi ɗalibai 'yan wasa kusan 2,900. A lokacin, wanda ya bugu yakan koma wasa cikin ƙasa da mako guda, wasu ma ranar. An sami ɗalibai 12 da suka sake buguwa a kakar wasa ɗaya, kuma 11 daga cikinsu a cikin kwana 10 na bugun farko abin ya same su. A 2010 hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta wajabta wa makarantu su yi tsari a rubuce, ta kuma hana mai da ɗalibi fili a ranar da ya bugu. Da aka sake bincike daga 2014 zuwa 2017, sai aka ga ɗalibai suna ɗaukar kimanin kwana 16 kafin su koma, sake buguwa a kaka ɗaya kuma ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba wani sabon magani aka gano ba. Jira kawai aka ƙara.

Ɗan kasuwa ya ga wannan lissafi ya san inda asara take: kwana 10 na farko. Shi ne kuma daidai lokacin da ake matsa wa yaranmu, don gasar makarantu da gala a 'yan kwanaki ake tattara su, yau wasa gobe wasa.

Mafi yawan waɗanda aka mayar da wuri, abin da ke samunsu shi ne ciwon ya ja. Abin da zai warke a mako biyu ko uku ya koma watanni, yaro yana fama da ciwon kai, karatu ba ya zama, barci ya lalace, ga jarrabawar WASSCE tana matsowa. Amma akwai wanda ya fi haka muni, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba: bugu na biyu ya sa ƙwaƙwalwa ta kumbura nan da nan, kuma matasa ya fi kamawa. A birnin Ottawa na Kanada, a watan Mayu na 2013, wata ɗalibar sakandare 'yar shekara 17, Rowan Stringer, kyaftin ɗin ƙungiyar rugbi ta makarantarsu, ta bugu sau biyu cikin 'yan kwanaki. Ƙawayenta kawai ta faɗa wa ta saƙon waya, ba ta gaya wa iyaye ko koci ba don kada a hana ta wasa. Bugu na uku, duk a ƙasa da mako guda, shi ya kwantar da ita, bayan kwana huɗu ta rasu. A 2018 lardin Ontario ya yi doka da sunanta. Abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne ɓoyewar. Idan yarinya a Kanada za ta ɓoye wa iyayen da take kwana gida ɗaya da su, ina ga ɗanka da ke makarantar kwana a Yendi, kai kana Adjen Kotoku kana sauke albasa?

Na san amsar da yara za su ba ni: Sadio Mane. Gaskiya ne. Ranar 25 ga Janairu 2022, a gasar Kofin Afirka a Kamaru, Mane ya gwara kai da golan Kef Bad, ya ci gaba da wasa, har ya ci ƙwallo, sannan ya kwanta a fili aka fitar da shi zuwa asibiti. Bayan kwana biyar ya buga wasa na gaba, ƙarshe Senegal ta ɗau kofi. Yaro zai ce, "Baba, ka gani?" Na gani. Na kuma ga direbobin da suka yi dare biyu ba barci daga Bawku zuwa Kumasi suka isa lafiya. Isar da suka yi ba ta mai da abin daidai ba, kuma babu mai hankalin da zai ɗora kayansa a motar don an ce jiya ta isa. Mane yana da likitoci a kansa dare da rana, ga na'urar hoton kai a kusa, duk da haka masana da yawa sun soki abin da aka yi. Ɗanka me yake da shi a bakin fili? Bokitin ruwa da malamin wasanni ɗaya.

Hukumomin ƙwallo da kansu sun sauya. Tun daga Yuli 2024 dokokin wasa sun ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman don wanda ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, don kada koci ya ji yana asarar canji. A Satumban shekarar FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara gangami a kan haka, saƙonsu kuma shi ne zato kaɗai ya isa a fitar da ɗan wasa. Ko a dambenmu na gargajiya, wanda ya sha ƙasa an gama wannan karon, ba a cewa ya tashi a ƙarasa.

To, ga ƙa'idar ranar farko. Wanda ya bugu ya nuna ko alama ɗaya ya gama wasa ranar nan, ko wasan ƙarshe ne, ko shi kaɗai ne mai cin ƙwallo. Idan yana kwance yana kukan wuya, ko bai farfaɗo ba, kada a ja shi, kada a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa daidai da jikinsa a kira 112 ko ma'aikacin lafiya mafi kusa. Idan ya miƙe, ana iya tambayarsa: wane fili muke, kashi na nawa ake bugawa, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa kuka buga wasan baya? Ya kasa ɗaya, magana ta ƙare. Ya amsa duka amma yana jiri ko ciwon kai, nan ma ta ƙare. Ma'aikacin lafiya ya gan shi cikin awa 24. Kada a bar shi shi kaɗai a daren farko, kada ya tuƙa babur. Barci ba laifi ba ne, har ma magani ne, in dai akwai mai leƙa shi. Don ciwon kai farasitamol ya isa. Asfirin, ibufurofen da diklofenak a bar su a kwana biyun farko sai in likita ya ce, don suna iya ƙara zubar jini idan akwai shi. Tiramol kuwa ko kusa, don yana rufe alamomin da ake son gani.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: ciwon kai da ke ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, barcin da ake tashinsa ba ya tashi sosai, farfaɗiya, hannu ko ƙafa su mutu ko su yi sanyi, magana ta harɗe, gani biyu-biyu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, jini ko ruwa fari daga kunne ko hanci, rikicewar da ke ƙaruwa. Waɗannan suna iya nufin jini yana taruwa a cikin kai. A nan nisa ne abokin gabarmu. Asibitin gwamnati na Salaga, na Yendi, da na Presby a Bawku su ne matakin farko, amma babban asibitin da ake tura irin wannan shi ne Asibitin Koyarwa na Tamale. Daga Yendi kusan kilomita 100 ne, daga Salaga kimanin 120, daga Bawku kuwa sai ka bi ta Bolga, sama da 200. Mutanen Bawku kuma sun san yadda dokar hana fita da aka sha sakawa take mai da tafiyar dare. Saboda haka wanda ya bugu da la'asar a kai shi a duba shi tun da sauran rana. A kuma sani, idan an yi hoton kai aka ce ba a ga komai ba, ma'anarsa babu jini ko karaya. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta fitowa a hoton, kuma takardar hoton ba izinin komawa fili ba ce.

Sai maganar komawa. Likitocin wasanni na duniya sun yi taro a Amsterdam a Oktoba 2022, suka tsaya a kan hawa shida, ba a tsallake ko ɗaya, kowane hawa aƙalla kwana guda. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko hutu ne, amma ba kulle yaro a ɗaki mai duhu ba: ya yi 'yan harkokin gida marasa nauyi, ya rage kallon waya da talabijin sosai. Hawa na biyu, tafiya da ɗan sauri, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Na uku, gudu da taɓa ƙwallo shi kaɗai, ba sa kai. Idan ciwon kai ya ɗan motsa ya lafa cikin awa guda ba komai, idan ya wuce haka a tsaya sai gobe. Na huɗu, atisaye da 'yan uwansa ba tare da karo ba, kuma ba a hawa nan sai alamomi sun tafi gaba ɗaya, yaro yana zama aji cikakken yini lafiya, ma'aikacin lafiya kuma ya amince. Na biyar, cikakken atisaye. Na shida, wasa. Ku lura da tsarin: aji kafin fili. Yaron da ba zai iya zaman lissafi na minti 40 ba tare da kansa ya sara ba, ba shi da abin yi a wasan minti 90.

Idan komai ya tafi daidai, hawa shidan nan mako guda ne mafi ƙaranci. Amma wannan ga wanda likita ke dubawa kullum ne. Ga wasannin makarantu da na unguwa, inda babu likitan ƙungiya, Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a Afrilu 2023: sai mutum ya yi kwana 14 babu alama kafin atisayen da ake karo, kuma ba a buga gasa kafin rana ta 21. Halinmu ya fi kama da wannan, don haka ni shi nake ba iyaye shawara su riƙe. Mako uku, a ƙirga daga ranar bugun. Idan alamomi sun haura mako huɗu, ko wannan ne karo na biyu a shekara, sai an koma wurin likita kafin a yi zancen ƙwallo. Ƙa'idar ɗaya ce ga 'yan mata, waɗanda bincike ya nuna a ƙwallon ƙafa sun fi maza samun wannan rauni. Ɗaya ce kuma ga wanda ya faɗi a babur ba hula.

Yanzu me uban da ke kan hanya zai yi? Mu dai sana'armu tafiya ce. Wani yana bakin Makango yana jiran fanton Yeji da lodin doya, wani yana Galmi yana cinikin albasa, labari kuma ta waya yake zuwa, yawanci a takaice: "Ya ɗan faɗi ne, amma ya warware." Kada a tsaya nan. Ka nemi hausmasta ko malamin wasanni ka tambaya dalla-dalla: ƙarfe nawa abin ya faru, ya suma, ya yi amai, ya tuna abin da ya faru, an mai da shi fili, wa ya duba shi? Ka sa a ba yaron waya ka ji muryarsa da kanka, ka tambaye shi abin da ya ci da safe. Ka tura kuɗin mota ta MoMo, ka roƙi takardar izinin fita, ka sa kawunsa ko yayarsa su kai shi asibiti da katin inshorarsa. Ka rubuta ranar a littafin da kake rubuta bashi, ka ƙirga 21, ka gaya wa malamin ranar da baki, ka kuma tura masa a rubuce. Tun farkon zangon karatu ma ya kamata a yi wannan magana, a taron iyaye da malamai, kafin a san ɗan wa abin zai faɗa wa.

Kada kuma a tafi da faɗa. Malamin wasanni mutum ɗaya ne da yara ɗari, shugaban makaranta yana son kofi, tsofaffin ɗalibai suna kira, yaron da kansa yana rantsuwa ya warke. Idan uba ya ce a'a a fili, ya sauke wa malamin kaya ne. Shi ma yaron a yi masa adalci. A idonsa wannan gasa ita ce ƙofar da mai neman 'yan wasa zai gan shi, kuma tsoron rasa ta ne ke sa shi ɓoyewa. Ka gaya masa tun yana lafiya cewa in ya faɗi gaskiya mako uku kawai zai rasa, ba za ka raba shi da ƙwallo ba. Iyaye mata, ku ne kuka fi gane sauyin yaro, in ya yi shiru, in yana runtse ido a rana, in ya bar tuwo. Ku faɗa, ko da Alhaji zai ce raki ne. Abokansa ma a ja su a jiki, don su ne ke fara sani.

Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin fatauci an gaya masa tun ranar farko cewa riba ake ci, ba a taɓa uwar kuɗi. Wasa ɗaya, kofi ɗaya, ragon gala, duk ribar yini ce, in ta wuce wata tana zuwa. Kan yaron nan da shi zai yi jarrabawa, da shi zai riƙe lissafin shago ranar da ƙafarka ta gaji da hanya, da shi ma zai buga ƙwallon in Allah ya nufa a nan abincinsa yake. Ranar da ya bugu ba ya komawa fili, likita ya gan shi kafin kwana ya zagayo, aji kafin atisaye, gasa kuma sai bayan kwana 21. A gaya wa na gida, a gaya wa masu shirya gala a zango.

Allah ya raya mana su, ya tsare su a fili da kan hanya. Sai mun haɗu a fito na gaba.